Rasuwar Goggo, Akori-kurar da Ta Kawo Iri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙurin da ba a da wani zaɓi sai shi, iyalin Malam Wada Direba, mutanen wata tunga da ke bayan Gatawa, mazauna gidan haya a Sabon Birni tun da zama ya gagara a can, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da direbobin tashar Sabon Birni da ta Isa, da duk wanda ya taɓa ɗora buhu ko akuya ko majinyaci a bayanta, rasuwar akori-kurarsu, wadda babba da yaro suka sani da suna Goggo. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a mashigar gari ta hanyar Gatawa, kayanta a bayanta, ba ta zubar da ko ƙwaya ɗaya ba.

An haifi marigayiya a Kaduna, zamanin da ake haɗa irinta a can. Ta yi ƙuruciyarta a hannun wani ɗan kasuwar Gusau tana jigilar auduga, kafin Allah ya haɗa ta da Malam Wada, wanda a lokacin ko aure bai yi ba. Ranar da ya shigo da ita tunga, mahaifiyarsa ta zagaya ta, ta shafa ƙofarta, ta ce tunda ita duk maza ta haifa, to ga shi Wada ya samo wa kansa 'yar'uwa. Maganar ta zauna. Da ya auri Inna Tasalla, motar ce ta ɗauko amarya da kayan ɗakinta. 'Ya'yan da aka haifa kuma suka tashi suna kiranta da sunan da ake kiran ƙanwar uba, ba su taɓa jin abin dariya ne ba.

Fara ce da ta zo, shekaru suka mai da ta launin fura. Ƙofarta ta hagu ba ta buɗuwa sai an zura hannu ta taga. In ana ruwa, direba ne ke fara jiƙewa kafin kaya. Ba ta son a gaggauta ta da safe: sai ta yi tarinta na tsofaffi, kyaf, kyaf, kyaf-kyaf-kyaf, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta amsa da wani gurrr mai kauri wanda kajin unguwa suka daɗe da daina tsoro. Hon ɗinta kuwa kukan tsohuwar tunkiya ne, mbeee, har ya taɓa sa ɗan rago ya biyo ta daga Tsamaye. Iyali ba su ɓoye ko ɗaya cikin waɗannan ba, don ita ma ba ta taɓa ɓoye halinta ga kowa ba.

Abin da ba a taɓa gani ba shi ne ta ƙi kaya. Ta ɗauki dammunan gero, ta ɗauki buhunan dawa da taki, ta ɗauki 'yan biki da 'yan gaisuwa, wani lokacin a rana ɗaya. Ta kai masu naƙuda asibiti, wasu ba su kai ba aka haihu a bayanta. Akwai budurwa a Tozai da har yau ake ce wa 'Yar Goggo. Ta kai mutane maƙabarta tana tafiya a hankali, kamar ta san abin da ta ɗauka.

Amma halin da ya fi fito da sunanta a tasha shi ne ƙarancin ci. Inda sa'o'inta ke shanye tanki, Goggo sai ta je ta dawo da saura. Direbobi suka ce asiri ne. Asirin duk yana cikin kafireta, ɗan akushin ƙarfen nan da ke gauraya mai da iska kafin inji ya sha, da kuma kunnen Malam Wada. Kowace Juma'a da hantsi, a gindin bedi, wato darbejiya, sai ya ɗaga marfin inji, ya ɗora ƙoƙon ruwa a kan rufinta, ya bar ta tana numfashi a tsaye, ya riƙa murɗa 'yar ƙusar da ake ƙara mai ko a rage da ita, kaɗan-kaɗan, har fuskar ruwan ta kwanta ta daina motsi. Sannan ya kwance fulogi ya duba bakinsa. In ya yi baƙi kamar gindin tukunya, Goggo ta yi haɗama, a rage mata. In ya yi fari kamar toka, yunwa ce ke cinta, a ƙara mata maza, don a wurin inji yunwa zazzaɓi take kawowa, zazzaɓin kuwa ƙone ciki yake yi. Launin da ake nema shi ne na ƙuli-ƙuli. Sauran aikin kuma na ƙafa ne: ya ce a taka totur yadda ake taka gonar da aka riga aka shuka. Wannan ya koya wa duk wanda ya tsaya kallo, kyauta. Mafi yawa ba su da haƙurin tsayuwa.

Wadda ta tsaya ita ce ɗiyarsa Sa'adiyya. Tun tana ƙarama ita ke ɗauko ƙoƙon, ita ke yin ɗage ta leƙa fuskar ruwan. Ta tafi Sakkwato ta yi karatun malanta, ta dawo da takardarta, ta tarar an rufe makarantar da za ta koyar saboda halin da ake ciki, ta kuma tarar idon mahaifinta ya fara tafiya. Yayanta Kamalu na can kudu yana neman abinci. Ba a yi wata shawara ba. Wata Juma'a Malam Wada ya lalubi ƙusar ya kasa samu, ya sake lalube, sai Sa'adiyya ta karɓi sukuddireba daga hannunsa. Daga ranar suka zama makanike ɗaya, shi kunne, ita ido da hannu. Ya ce ta murɗa, ta murɗa. Ya ce ta tsaya, ta tsaya. Ya tambaya abin da ruwa ke cewa, ta faɗa masa. Ta kwance fulogi ta sanar da shi launin. Tuƙin ma haka ta gaje shi.

Ranar da ta fara shiga tashar Sabon Birni a kan sitiyari, da hijabinta, sai da aka bar shayi ya huce aka taso kallo. Abdulgani makanike, mai gareji a bakin tasha, ya tambayi jama'a ko makarantar mata ce aka mayar cikin mota. Ta yi ribas ta shige tsakanin motoci biyu, ta ja birkin hannu, ta fito ta fara lodi. Bayan wannan ta ji iri-iri. Akwai waɗanda suka rantse ba za su hau motar da mace ke ja ba, suka dawo suka hau da suka ga ita kaɗai ke zuwa inda suke so. Akwai wanda ya zauna a gefenta yana koya mata sa giya daga Isa har Sabon Birni, shi da ko keke bai iya ba. Goggo dai ba ta taɓa nuna ta san bambancin ƙafar da ke taka ta ba. Kullum bayan la'asar Malam Wada na zaune bakin ƙofa yana saurare, ya gane muryarta cikin dukan motocin gari tun ba ta shigo layi ba, ya miƙe tsaye. Kafin a kashe ta ya riga ya san irin wunin da ta yi.

Ba a buƙatar a faɗa wa mutanen Gobir abin da ya tashi tungar. Ranar da aka bar ta, Goggo ta kwashe tsofaffi da yara da tabarmi da tukwane, sahu bayan sahu, har ba wanda ya rage. Abu guda ne ba a ɗauko ba, don a ranar rai ake ceto: irin shuka. Kafin tashi, matan tungar sun tattara irin kowane gida, suka zuba a randuna da toka, suka binne a rami bayan ɗakin Inna Tasalla, suka kifa tsohon turmi a kai. Wanda bai san geron ba zai ce iri ai kasuwa cike take da shi. Geron tungar nan mai gashi ne, tsuntsu ba ya iya sauka a zangarniyarsa, kuma yana nuna da wuri, kafin ruwa ya ɗauke. Kakan Malam Wada ne ya zo da shi. Babu shi a kasuwar Isa, babu a ta Sabon Birni. Bara, a gonar aro da wani bawan Allah ya ba su a gefen gari, na kasuwa suka shuka. Ruwa ya ɗauke bai gama ido ba, abin da ya tsira tsuntsu ya cinye. Tungar gaba ɗaya ta ci shekara a kan awo da taimakon dangi. Inna Tasalla ta ce irin da ke ramin nan in ya sake kwana wata damina ba zai tsiro ba, daga nan kuma sun tashi daga manoman da aka kora sun zama mutanen da ba su da abin komawa da shi.

A nan jinyar marigayiya ta faro, kuma iyali na so a ji ta yadda take, don an fara ba da labarinta a tasha ta wata fuska.

Tun lokacin da mai ya yi tashin da kowa ya sani, Malam Wada ya sa aka yi wa Goggo dabarar tsofaffin direbobi: a zaro siririn silin jan ƙarfe daga cikin wayar lantarki, a zura shi a 'yar ƙofar da mai ke bi cikin kafireta, ƙofar ta ƙara tsukewa. Sili ɗaya azumi ne da mai lafiya ke iya ɗauka. Goggo ta ɗauka. Ta ɗan rage kuzari a hawa, fulogi ya ɗan yi haske, amma bai bar dangin ƙuli-ƙuli ba.

Sai ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga kuma labari cewa mutanen daji na bin tungayen da aka bari suna tone-tone. Babbar hanya ba ta biyuwa daga wani wuri. Baffa Yero, aminin Malam Wada, makiyayi kuma manomi, wanda shi ma tashin ya haɗa da shi kuma irinsa na cikin ramin nan, ya ce ya san burtalin da shanu ke bi a da, yana zagayawa ta bayan fadama ya ɓulla gefen tungar. Sai dai ya fi nisa, kuma rairayi ne. Mai kuwa a ƙasar nan ba a yawo da shi a jarka; wanda aka gani da ita a shinge ya san tambayoyin da zai amsa. Abin da gidan mai ya yarda ya zuba a tanki, shi ke nan. Malam Wada ya sa Baffa Yero ya faɗi hanyar, daga wannan tsamiya zuwa wancan kwari, yana saurare kansa a sunkuye. Da aka gama ya ce da sili ɗaya Goggo za ta je, za ta juyo, za ta tsaya da ƙishi a tsakiyar daji da iri a bayanta.

Ranar Talata, gari na wayewa, Sa'adiyya ta ɗora ƙoƙon ruwa, ta buɗe kafireta.

"Ƙara mata na biyu," in ji Malam Wada.

"Baba, da kaya, cikin rairayi, cikin zahin ga? Ƙonewa za ta yi."

"Na sani. Na san ta tun ban san uwakki ba. Sa mata."

Ta sa. Da Goggo ta tashi, muryarta ta sauya. Gurrr ɗin nan mai kauri ya koma siriri yana yankewa, kamar maganar mai azumi gab da shan ruwa. Ruwan ƙoƙo ya ƙi kwanciya duk yadda aka murɗa ƙusa. Malam Wada ya tambaya abin da ruwa ke cewa, Sa'adiyya ta ce rawa yake yi. Ya lalubo gefen motar, ya ɗora tafin hannunsa, ya daɗe a haka. Waɗanda ke kusa sun ji ya ce, "Ki yahe mani, 'yar'uwa." Sannan ya koma bakin ƙofa ya zauna.

Sa'adiyya ce a sitiyari, Baffa Yero a gefenta yana nuna hanya da haɓa, magidanta biyu na tungar a baya da shebur da buhuna. Zuwa ba kaya ya yi sauƙi. Sun tarar da tungar yadda ake tarar da irinta: ɗakuna ba jinka, rumbuna sun koma tarin toka, ko kukan kaza babu. Turmin na nan a kife. Da aka tone aka buɗe bakin randa ta farko, Baffa Yero ya ɗebo, ya hure tokar, ya ciji ƙwaya, ya ce da ransa. Nan aka kama aiki. Juyewa kawai ake yi ana lodawa, har bayan Goggo ya sauka ya kusa taɓa taya. Sa'adiyya ba ta leƙa ɗakin da aka haife ta ba. Ta ce ba shi ya kawo ta ba.

Dawowa ce ta zama ajali. Rana ta take, zafin bazara ya sauko har sitiyari na ƙuna. Da suka shiga rairayin wata busasshiyar ƙorama, allurar zafi ta fara hawa. Sai wata ƙara da Goggo ba ta taɓa yi ba a rayuwarta ta taso daga cikinta, kas-kas-kas-kas, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Sa'adiyya ta san ma'anarta, an faɗa mata tun tana ɗaukar ƙoƙo. Magidantan suka sauka suna turi. Ruwan shan da suka taho da shi duk aka juye a lagireto, ba wanda ya kurɓa. Ɗaya daga cikinsu ya ce a tsaya a zare silin nan, ko a bari ta huce. Zarewa ba wuya a hannun Sa'adiyya, amma in an zare, mai zai ƙare a inda ba a son mai ya ƙare. Tsayuwa kuwa, can nesa ta yamma iska na kawo ƙarar wasu ƙananan injuna wadda mutanen ƙasar nan suka sani, ba sa kuma tsayawa su tabbatar. Ta ce su tura. Ta riƙa ba Goggo totur kaɗan-kaɗan, yadda ake lallashin majinyaci ya haɗiye kunu, hawaye na zuba mata ba ta share ba, don sitiyari a rairayi hannu biyu yake so. Baffa Yero ya fito da kansa ta taga, yana bubbuga ƙofa da tafin hannu, yana yi wa Goggo magana da Fillanci, irin wadda yake yi wa saniyar da ta gaji a hanyar mashaya.

Ta fita daga rairayin. Ta bi burtalin har ƙarshensa, ta hau kwalta. A nan wani abu ya fashe a cikinta, tas, ta koma tafiya da ƙafa uku, tana ɗingishi, farin hayaƙi na bin bayanta. Duk da haka ba ta tsaya ba. Masu tsaron shinge suka dubi hayaƙin, suka dubi fuskar mai tuƙi, suka ɗage itace. Sai da kwanukan gidajen Sabon Birni suka bayyana, sai da tayarta ta taka inuwar bishiyar farko ta gari, sannan ta yi tarin nan nata na safe, kyaf, kyaf, ta yi shirun da ta saba kamar mai tunani. Sa'adiyya ta jira gurrr. Ta murɗa makulli, ta sake jira. Da aka zura kara a tanki daga baya, wari kawai ya fito da shi.

Gidan hayar ba shi da nisa da wurin. Malam Wada ya jiyo ta tun daga shinge, ya miƙe riƙe da bango. Ya ji ɗingishin, ya ji tarin, ya ji shirun. Kafin kowa ya iso da labari, ya juya ya ce wa Inna Tasalla, "Ta kawo. Ita dai ba ta shigowa." A kai aka ƙarasa da buhunan, maza da mata na tungar, a jere, ba mai guɗa.

Abdulgani ne ya duba gawar, kuma iyali na gode masa, don da kansa ya zo ba a kira shi ba. Ya tarar fistin ɗaya ya huje, bawul sun ƙone, kan inji ya tsage, fulogi fari fat kamar tokar murhu. Ya ce irin wannan injin an daina ganinsa ko a Maraɗi, ko an samu ma jikin ba zai ɗauka ba. Da ya buɗe kafireta ya ga sili biyu, ransa ya ɓaci, ɓacin ran mai son ƙarfe, ya kira jama'a su zo su gani.

"Malama," in ji shi, "a wane aji anka koya maku kashe inji da rowa? Motar da tar riƙe gidanku tun ba a haihe ki ba?"

"Bar su inda kag gan su, ba kai za ka zare su ba," in ji Sa'adiyya. "In kaka ta yi, ka zo ka ci tuwon. Sannan ka sake tambayata."

Tun ranar maganar ke yawo a teburin mai shayi: 'yar boko ta kashe Goggo, an ba mace abin da ba nata ba, ga ƙarshensa. Iyali ba su fito da wannan sanarwa don neman afuwar tasha ba. Hannun da ya sa silin ya san abin da yake sawa, kunnen da ya ba da umarni ya san abin da zai daina ji. An ɗora 'yar'uwa da iri a sikeli aka zaɓi iri, kuma da za a dawo da safiyar Talatar nan, za a sake zaɓa, a sake kuka. Wanda ke ganin da shi ne da ya yi dabarar da ta fi, burtalin na nan, ba a rufe shi ba.

Marigayiya ta rasu ta bar ɗan'uwanta Malam Wada, wanda Juma'ar nan da hantsi ya ce a ɗauko ƙoƙo, sannan ya tuna, ya ce a bari. Ta bar Inna Tasalla da ta zo gidan aure a bayanta, da Kamalu da aka faɗa wa ta waya. Ta bar Sa'adiyya, wadda yanzu ke zuwa tasha a ƙafa, kai a ɗage, tana neman wanda zai ba ta tuƙi. Ba ta samu ba tukuna, ba ta kuma daina zuwa ba. Ta bar sukuddireba mai fasasshen mariƙi, da tayar ko-ta-kwana da ta fi sauran sanƙo, da kazar maƙwabta da ta saba saka ƙwai a ƙarƙashinta, wadda ke ta zagayen fili yanzu. Ta bar matan tungar masu ciki, waɗanda ba su san wa za su ƙwanƙwasa wa ƙofa ba in ranar ta zo. Ta kuma bar buhunan gero mai gashi. Inna Tasalla ta ɗibi kaɗan ta ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma don gwaji. Da ta kwance, kusan duk sun fito da farin tsiro, ta kai wa Malam Wada ya shafa da yatsa.

'Yan gwangwan sun riga sun zo da sikelinsu tun injin bai gama hucewa ba. An sallame su da mutunci. A zuwa na gaba ba a yi alkawarin mutunci ba. Ba a sayar da Goggo a kilo.

Game da jana'iza: limamin unguwa ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, ba shi kuma da hisabi, iyali sun ji, sun bi. An riga an yi mata wanka, Sa'adiyya ce ta yi da hannunta, ta lulluɓe ta da tamfol ɗin da take rufe kaya. Ba a sa rana ba, don ranar ba a hannun mutum take ba. Safiyar da ta biyo bayan ruwan shuka, duk lokacin da Allah ya saukar da shi, za a ɗauke ta daga mashigar gari. Bijimai biyun da suka rage wa Baffa Yero ne za su ja ta, a hankali, yadda ita ke kai wasu, zuwa gonar aro, gindin gawo, inda mai gonar ya yarda ta kwanta. A bayanta za a tara dammunan bana, in Allah ya nuna mana kaka.

Kafin a juyo, za a miƙa wa Malam Wada kafireta. Ya ce wannan aikin ba ya son ido. Abdulgani ya aiko cewa shi zai zuƙo mai daga tankin mashin ɗinsa, cikin ƙoƙo guda, kada a nemi na wani, an karɓa. Malam Wada zai zare sili biyun da yatsunsa, ya kwance ƙusar har ƙarshe, ya tsiyaya mata man duka. "Da yunwa tat tahi aiki," in ji shi. "Ni za ni ba ta da hannuna. Ba ta kwanciya da yunwa."

Masu zuwa gaisuwa kada su zo da tabarma, ba za a yi zaman makoki ba. Maza su zo da sungumi, mata su zo da ƙwarya. Za a ba kowa iri, a shiga gona, a shuka har a kai iyaka. Masu cewa 'yar boko ce ta kashe ta su ma ana gayyatarsu. Akwai sungumin aro.

Roƙo guda iyali ke da shi. Direbobin da ke jan irin motarta tsakanin Isa da Sabon Birni, don Allah, na ɗan wani lokaci, su daina bi ta layin gidan bayan la'asar, su zagaya ta bakin kasuwa. Tsohon ya san ba ita ba ce. Amma har yanzu miƙewa yake yi.

Sanarwa daga Sa'adiyya Wada, a madadin iyali.